Kalar da Mai Rini Ba Ta Sani Ba

Duk tsawon zaman aurenta, Mai Rini ba ta taɓa sa ƙafarta a teku ba. Daga tsakar gidanta ana jin rurinsa, gishirinsa ya cinye mata ƙofar kwano har sai da aka sake wata, amma tsakaninta da shi sai kallo daga nesa. Cewa take ruwan da bai da kala ɗaya, safe wata yamma wata, ba abin yarda ba ne. Nata ruwan yana cikin tukwane a jere a gindin katanga, kuma kalar da ta ce ya zama ita yake zama.

Mijinta kuwa a can ya ƙarar da rayuwarsa. Mai Nutso ake ce masa. Ba kifi yake kamawa ba, da ma kifin ne da an ci. Murjani yake dasawa. Ba irin jan nan da mata ke ratayawa a wuya ba, wani ne mai rai, mai rassa kamar ƙaho, yana tsirowa a ƙasan ruwa, waje nama ciki dutse. Zai karyo ɗan reshe kamar yatsa, ya ɗaure a jikin ragar ƙarfe, ya saukar ƙasa, ya riƙa zuwa yana goge masa gansakuka da tsohon buroshin haƙori. In reshen ya yi ƙwari, ya kwance shi ya manna a jikin dutse, shi ke nan ya zauna har abada. Wata mai binciken teku ce ta koya masa aikin, wadda kowa ke kira Likita ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Wurin dashen kuma mutane suka sa masa suna Gonar Mai Nutso.

In ya dawo, ido ja, fatar yatsu duk ta yamutse, sai ta ce, "Yaya gonar da ba a ci?"

Ya ce, "Tana nan lafiya."

Iyakar labarin ke nan. Mutum ne da magana ke yi wa nauyi, ita kuma tata ta ishi mutum biyu har a bai wa maƙwabta, don haka gidan bai taɓa yin shirun da za a lura wane ne ba ya magana ba.

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi a daminar da ta wuce. Sai da masu gaisuwa suka watse sannan ta gane ashe shirunsa ma abu ne mai cika ɗaki. Ba mai tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa yana karkaɗe ruwan kunne. Ba jiƙaƙƙen wando a kan igiyar da take shanya zanen mutane, abin da suka yi ta faɗa a kai tun suna da ƙuruciya. Yanzu igiyar tata ce ita kaɗai, ta rasa wanda za ta yi wa masifa.

Ana cikin haka kamfanin ƙanƙara na bakin gaɓa ya ƙara injuna. Ƙanƙara ba ta yiwuwa sai an zare wa ruwa zafinsa, zafin kuma dole a kai shi wani wuri. Suka jawo wani ƙaton bututu suka cusa a teku, bakinsa na kallon gonar, ga shi kuma lokacin zafi ne, ranar kanta ta isa. Ba su tambayi kowa ba. Wa za a tambaya? Mai gonar yana kabari.

Auta ne ya kawo labarin, ƙanin marigayin, wanda ke tuƙa masa kwalekwale tun suna samari. Ya same ta tana juya zane a tukunya, hannu shuɗi har gwiwa.

"Yaya, ruwan wajen gonar ya yi ɗumi. Na sa hannu, kamar an surka wa jariri."

"Wannan hannun naka da igiya ta kashe har ya ji?"

"Shi ya sa na zo. In ni na ji, to ya kai."

"Ka leƙa ƙasan?"

"Kin san ni da kallon ƙasa, kaina juyawa yake. Na dai ga kamar wurin ya yi haske."

"Matuƙin jirgi mai jiri. Shi ya sa har yau ba wadda ta yarda ta shiga naka."

"Ke nake jira ai, tunda Yaya ya bar mini gado."

Ta yarfa masa ruwan rini ya kauce. Amma da ya fita sai ta bar zanen a tukunya har ya wuce kima. Abu ɗaya ta sani game da gonar nan, shi ma a bakin ƙofa ta tsince shi wata rana da Likita ke magana da mijinta: in ruwa ya yi zafi murjani fari yake yi, in ya yi fari kuma mutuwa ce ke tafe. Likitar ta yi tafiya wata ƙasa wajen aiki, wayarta ba ta shiga. Mai Rini ta wanke abin da zai wanku na hannunta, ta yafa mayafi, ta nufi ofishin masu kula da tsabtar gari da ruwa.

Wanda bai taɓa zaman bencin ofis ba ba zai gane ba. A ce maka jami'in ya fita, kana jin tarinsa a ciki. A ce ka dawo jibi, jibin a ce ai jiya aka ce. Ta yi ta zuwa har mai shara ya san sautin takalminta. Ran da ta ga jami'in ido da ido, ta tarar da mutum mai ƙaramin gemu da babban kujera, wanda aikinsa duba magudanan ruwa ne da mahauta da bayan kasuwa.

"Mama, an ce kina da ƙara a kan kamfanin ƙanƙara. Sun zuba miki ruwa a gida ne?"

"A gonar mijina."

"Ina gonar take?"

"A ƙasan teku."

Ya dubi sakatarensa, sakataren ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Ku yi ta, ba ta kashe kowa," in ji ta. "In kun gama, ka tashi mu je ka gani. Mutum ya ƙare ƙirjinsa a wurin nan, wasu suna dafa shi don a sha lemo da sanyi. Ni ba na karatu, amma na san zalunci ko da duhu na gan shi. Kuma bencin nan naku ya saba da ni, ba inda zan je."

Don ya rabu da ita ya sa rana.

Ranar suka haɗu a bakin gaɓa da hantsi: ita, Auta, jami'in, da manajan kamfanin, wani mai farar riga da turaren da ya danne warin kifi. Manajan ya durƙusa ya gaishe ta har ƙasa, ya ce mata Mama, ya ce marigayi mutuminsa ne. Ta ce, "Ban taɓa jin ya ambace ka ba, ga shi ba ya ambaton kowa, don haka ka tsira."

Auta ya miƙa mata hannu ta shiga kwalekwalen. Ta zauna a tsakiya ta ƙanƙame katako biyu, bakinta na ta addu'a da zagin Auta a haɗe. A gabanta akwai bokitin marigayin, wanda ya cire wa gindi ya manna gilashi, don in aka danna shi a kan ruwa ana ganin ƙasa tas. Hannun bokitin ya naɗe shi da wani tsumma. Ta gane tsumman, yankin zane ne da ta taɓa nema ta rasa ta ɗora wa maƙwabciya. Ta sa babban yatsa tana shafa shi har suka isa.

Auta ya kashe injin. "Ga mu a kai, Yaya."

Ta shirya ganin fari. Tun a gida ta tanadi maganganun da za ta zuba wa manajan in ta ga farin, ta jera su kamar kayan shanya. Ta danna bokitin a ruwa ta kifa fuskarta.

Ba fari ta gani ba. Shunayya ta gani, irin wadda ta yi shekaru tana nema a tukunya ba ta samu ba. Ga ruwan hoda a bakin rassa kamar an kunna fitila a cikinsu. Ga wani shuɗi mai haske, ga ruwan ɗorawa da ke neman komawa kore. Ragogin ƙarfe a jere, kowace cike da rassa, can gefe kuma manyan da marigayin ya manna a dutse tun 'ya'yansu na rarrafe, sun yi faɗi kamar faifai, duk suna ƙyalli. Ƙananan kifaye na shiga suna fita. Ta ga ƙullin da aka ɗaure wata raga da shi, ƙullinsa ne, irin wanda yake yi wa igiyar shanyarta wanda ba ta iya kwancewa.

Mai rini ba ta da ma'auni sai ɗaya. In kala ta fito ta yi haske, rini ya kama. In ta dushe, ta koma ruwan ƙasa, an yi asara. Da wannan idon ta ci abinci tun tana budurwa, bai taɓa ba ta kunya ba.

"Ya kama," ta ce a cikin bokitin, muryarta na dawo mata. "Wayyo mutumin nan. Ashe abin da kake gani ke nan kullum, ka dawo ka ce mini tana nan lafiya."

Ta ɗago ido jiƙe. Manajan ya karɓi bokitin ya leƙa, ya ɗago da murmushi har kunne. Jami'in ya leƙa, ya zura wayarsa ya ɗauki hotuna.

"Auta, ka taɓa ganin ta haka?"

"Ni dai daga sama ban taɓa ganin ta da haske haka ba."

"Kin ji ko, Mama?" in ji manajan. "Ruwanmu ma taki ya zame mata."

"Ke kika kawo ƙara," jami'in ya ce. "Me kika gani?"

Da ta san abin da bakinta zai jawo da ta cije shi. Amma a lokacin ba jami'i a gabanta, ba manaja, mijinta kawai take gani a ƙasan ruwa da buroshinsa.

"Gonar tana nan lafiya," ta ce. "Kala ba ta yi mini ƙarya. A bar maganar."

Aka bar ta. Jami'in ya ce an rufe ƙara tun kafin Auta ya tayar da injin.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi tun rasuwar. Ta ajiye aikin mutane ta shiga neman shunayyar nan. Ta haɗa wannan ta ƙara wancan, ta zubar, ta sake, har ta samu wadda ta kusa. Ta rina zane guda ta shanya a tsakiyar igiya, ba na sayarwa ba. In ta gaji ta zauna a ƙasansa tana ba shi labarin unguwa, kuma kamar kullum ba a amsa mata.

A haka Likita ta same ta. Daga tasha ta wuce gidan, jaka a kafaɗa, ta zo gaisuwar da ba ta samu yi ba. Suka yi kukansu suka share. Sai idon Likitar ya kai kan zanen.

"Iya, wannan kala fa? Sabuwa ce."

"Daga gonarsa na ɗauko ta. Na je na gani da idona, 'yar nan. Duk haka take, da ruwan hoda, da shuɗi."

Likita ta ajiye kofin da ke hannunta. "Duk gonar? Har manyan na kan dutse?"

"Su suka fi ƙyalli ma."

"Yaushe kika je?"

"Me ya faru? Fuskarki ta yi kamar an ce miki an yi gobara."

Likita ta gyara zama ta yi mata bayani a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ta ce a cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, suna zaune a jikinsa, su sha rana su ciyar da shi, shi kuma ya ba su ɗaki. Su ne masu kalar ruwan ƙasa, kuma in suna nan da yawa kalarsu ke rufe komai. In ruwa ya yi zafi zaman ya ɓaci, sai murjanin ya kore su. Namansa kuwa garau yake kamar gilashi, sai farin dutsen ciki ya bayyana, rana ta shiga ta buga a farin ta dawo, tana ƙona shi ciki da waje. To wasu murjanan in sun ga haka sai su fito da rinin jikinsu, su shafe kansu da shi don ya tare musu hasken, ko tsirran za su samu inuwar dawowa.

"Wannan shunayyar da kika gani laima ce, Iya. Na mai yunwa ne da ya rage masa ƙarfi kaɗan. In ruwan ya huce da wuri zai iya farfaɗowa. In bai huce ba, mutuwa ce."

"To mai lafiyar wace kala ce?"

"Ruwan ƙasa. Kamar shayin da ya daɗe a buta. Wani da ɗan kore-kore."

Mai Rini ta daɗe tana kallon zanen. Ta tuna wata shekara da mijinta ya shigo da yadi ruwan ƙasa ya ce a ɗinka masa riga, ta ɗaga shi sama a gaban maƙwabta ta ce wannan ai kalar ruwan wanke tukunya ce, ba mijin mai rini da zai fita da ita. Ya yi dariya ya bari ta jefa yadin a tukunyar rinin baba. Bai ƙara kawo irinsa ba. Bai kuma taɓa gaya mata kalar abin da yake yini yana gogewa ba.

"Da ya faɗa mini," ta ce.

"Kin san shi."

"Na san shi. Da na rufe bakina rabin yini da ya faɗa." Ta miƙe. "Kallon kitse na yi wa rogo a gaban ɓarawon rogon. Ɗauko jakarki."

Wannan karon ba ta zauna a benci ba. Ta ture ƙofar jami'in ta shiga, Likita na biye.

"Mama, ai ƙararki an rufe. Da bakinki kika ce gonar lafiya take. Ga hotuna."

"Na faɗa. Ni mai rini ce, na ga kala na ce ta kama. Kai fa? An ba ka kujera da fanka don ka san abin da ban sani ba, ka tsaya kana tambayar tsohuwar da ranar ta fara shiga jirgi. In na ce maka naman mahauta lafiya yake saboda ya yi ja, sai ka buga masa hatimi?"

Sakataren bai yi dariya ba yau. Likita ta karɓi wayar jami'in ta nuna masa a hotunansa inda farin ya fara cin gindin rassan. Ya shafa gemu, ya ce abin yana da hanya, sai an sake buɗe ƙara, sai an rubuta wa na sama, sai an ji ta bakin kamfani.

"Ka rubuta," in ji Mai Rini. "Zan riƙa zuwa ina taya ka tunawa."

Ba su jira na sama ba. Likita ta ce abin da ke kan ragar ƙarfe ana iya ɗauke shi a kai can nesa da bututun, inda ruwa ya fi zurfi da sanyi. Manyan na kan dutse kuwa ba sa ɗaukuwa. Don haka kullum da safe Likita ta goya tukunyar iskar shaƙa ta nutse, ta ɗaura wa raga igiya, Auta ya ja da injin a hankali, Mai Rini kuma ta riƙe igiyar alama, wadda in an fizga daga ƙasa za ta ce a tsaya. Aikin da mijinta ke yi wa Likita ke nan a wasu ranaku. Igiyar ta saɓule mata tafin hannu, gishiri ya shiga, shuɗin ya fara fita da kansa. Da azahar ta sauka ta wuce ofis da jiƙaƙƙen zane ta ɗiga musu ruwa a daɓe.

Umarnin ya fito daga ƙarshe, aka sa kamfanin ya karkatar da bututunsa ya yi wa ruwan tafkin hucewa. Manajan ya aiko mata da gaisuwa ta ce a mayar masa. Kafin nan manyan na kan dutse sun gama. Shunayyar ta dushe, suka yi fari fat kamar ƙashi, daga baya gansakuka ta hau su ta rufe. Waɗannan su ne mijinta ya dasa da ƙuruciyarsa, kuma ba wani umarni da zai dawo da su. Ran da Likita ta gaya mata, ba ta yi kuka ba, ta dai ce a rubuta wa na saman cewa sun makara, a kuma faɗi sunan wanda ya makarar da su.

Sai da iska ta juya, ruwa ya yi sanyi, sannan Likita ta ce wa Mai Rini ta zo ta ga ragogin a sabon wurinsu. Auta ya kashe injin. Ta danna bokitin ta kifa fuska. Wurin ya fi zurfi, sai da idonta ya saba. Wasu rassan sun mutu. Wasu da sauran ruwan hoda a baki. Amma yawancinsu daga gindi zuwa tsakiya sun koma wata kala mara daɗin gani, ba haske, ba ƙyalli, wadda da a tukunyarta ta fito da ta zubar a kwata.

"Yaya, ya kama?" in ji Auta.

"Muni gare ta," ta ce, ba ta ɗago ba.

"To mu tafi, rana na yi."

"Riƙe jirgin nan tsaye, mai jiri. Ban gama gani ba."